Mu Biyu Ne, Jita da Ganga: Wace Feda Za Ta Cike Gurbin Mai Bes?

"Assalamu alaikum. Mu biyu ne muke kiɗa, ni da jitar lantarki, abokina da ganguna. Mai kaɗa mana bes ya bar mu, kuma ba mu da niyyar neman wani yanzu. Idan muna gwaji a ɗaki abin ba laifi, amma da mun hau dandamali sai kiɗan ya zama fayau, musamman idan na bar kod na shiga solo. Na murɗa bes ɗin amfilifaya har ƙarshe, sautin ya dagule kawai. Wace feda zan saya? Oktef, fuz ko ikwalaiza?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka guda ce, amma koke uku ne a cikinta: kiɗan yana zama fayau a dandamali, ƙasa tana zarewa da zarar ka shiga solo, sannan idan ka ƙara bes a amfilifaya dagulewa kake samu maimakon nauyi. Kowanne da dalilinsa, kuma ba dukansu feda, wato ƙaramin akwatin sauya sauti da mai jita ke takawa da ƙafa, ke magancewa ba. Idan gajeriyar amsa kake so, a cikin ukun da ka lissafa oktef, fedar da ke ƙara wa notarka wata mai zurfi a ƙarƙashinta, ita ce ta fi kusa da buƙatarka. Sai dai oktef ɗin da aka zuba cikin amfilifayar jita guda tare da komai, ko rabin aikin ba za ta yi ba. Abin da na saba gani yana aiki, a wajen haɗa sauti ga ƙananan rukunai irin naku, shi ne a ware wa ƙasan sautin hanyarsa daban da sifikarsa daban, a ɗauke shi a matsayin mutum na uku a dandamali. Bari in bi da kai dalilin, don ka san abin da kake saya tun kafin ka saya.

Abin da ya tafi tare da mai bes

Tsirkiya mafi kauri a jita, idan an saita ta a kan E yadda aka saba, tana kaɗawa kusan sau 82 a daƙiƙa, abin da ake rubutawa 82 Hz. Mafi kauri a bes mai tsirkiya huɗu ita ma E ce, amma oktef guda ƙasa da taka, wato rabin kaɗawarta, kusan 41 Hz. Filin da ke tsakanin 41 da 82 ɗin nan shi ne mai bes ya tafi ya bari, kuma jitarka ba ta da ko nota ɗaya a cikinsa. Mamurɗin bes na amfilifaya ba ya ƙirƙirar abin da babu, abin da ya tarar shi yake ɗagawa. Abin da yake tararwa kuwa shi ne yankin 100 zuwa 300 Hz, inda jikin jita yake, inda kuma sauti ya fi saurin cunkushewa. Shi ya sa ka ji dagulewa. Kumburi ka ƙara wa jitar, zurfinta yana nan yadda yake.

Sai maganar sifika. Sifikar jita da gangan aka gina ta don ta yi magana a tsakiya. Ɗauki Celestion Vintage 30, ɗaya daga cikin sifikun inci 12 da aka fi amfani da su: masu yin ta sun ba da iyakarta daga 70 zuwa 5,000 Hz. Ƙasa da nan takardarta, wato faifan da ke tura iska, tana motsi, amma abin da ke isa kunne kaɗan ne. Idan akwatin amfilifayarka buɗaɗɗe ne ta baya, kamar yawancin ƙananan amfilifayu da aka haɗa da sifika a jiki ɗaya, abin ya fi muni, domin iskar da takardar ta tura gaba tana zagayawa ta gamu da wadda ta janye ta baya, su soke juna, kuma sauti mai kauri shi ya fi cutuwa da hakan. Ga wata doka da ya kamata ka riƙe: duk oktef guda da ka sauka ƙasa, sai takardar sifika ta yi tafiya ninki huɗu kafin ta ba da ƙarfin sauti iri ɗaya. Ga shi kunnen ɗan'adam ba ya jin ƙasa da sauƙi kamar yadda yake jin tsakiya. Wannan ne ya sa amfilifayar jita mai wat 30 za ta iya cika ɗaki da ƙara, ta bes kuwa sai ka ji ana maganar ɗaruruwan wat.

Bambancin ɗaki da dandamali da ka lura da shi ma gaskiya ne, ba kunnenka ke yaudararka ba. A ƙaramin ɗaki bango da kusurwa suna mayar maka da ƙasan sauti, su ninka shi. A babban zaure ko fili babu mai yi maka wannan alfarmar.

Akwai abu na ƙarshe da ya tafi, kuma shi aka fi mantawa. Mai bes ba kauri kaɗai yake bayarwa ba. Shi ke gaya wa kunne tushen kowane kod, wato notocin da ake kaɗawa tare, shi ke ɗaure da gangar ƙafa, kuma ba ya tsayawa don kai ka haura saman wuyan jita. Ka ajiye wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Ikwalaiza da fuz

Ikwalaiza, fedar da ke da layuka na ɗaga ko rage kowane yankin sauti, ba zan daɗe a kanta ba. Kayan aiki ne mai kyau, amma don sarewa ta fi amfani, ba don ƙarawa ba. Boss GE-7 da aka fi sani, mafi ƙasan layinta a 100 Hz yake, wato bai ma kai inda kake nema ba. Ko ka sami mai layin 31 ko 62 Hz, irin MXR mai layi goma, idan jitar ba ta aiko da komai a can ba, gurnani da bugun hannu kaɗai za ka ɗaga. Za ka buƙace ta daga baya, a wani matsayi daban.

Fuz, fedar da ke murƙushe sauti ya yi kaushi, tana da hujja fiye da haka. Irin su Big Muff suna barin ƙasan jita ya wuce, suna tsawaita nota, suna cika wuri da ƙara mai faɗi, shi ya sa rukunan mutum biyu suke ƙaunarsu. Ka kwatanta da fedar Tube Screamer, wadda aka gina ta tana rage abin da ke ƙasa da kusan 720 Hz kafin ta murƙushe sautin. Idan ita ce kake takawa lokacin solo, to ita da kanta tana cikin masu zare maka ƙasa. A rukuni mai bes wannan ragewar alheri ce, don tana ba mai bes wuri. A wurinku kuwa wurin ake bayarwa babu mai zama.

Akwai wani abin sha'awa da murƙushe sauti ke yi, wanda ba kowa ya sani ba. Idan ka kaɗa nota biyu tare ta cikin distoshan, wato na'urar murƙushe sauti, na'urar tana haifar da sabon sauti daidai da bambancin da ke tsakaninsu. E mai 82 Hz da B mai kusan 123 Hz, wato kod ɗin nan mai nota biyu da masu kiɗan rok suka dogara da shi, bambancinsu 41 ne, daidai E ɗin bes. Wannan na cikin dalilan da suka sa irin wannan kod yake jin nauyi fiye da girmansa. Amma dokar nan ita ce kuma take ɓata cikakken kod mai nota biyar ko shida, domin kowace nota biyu sai sun haifi nasu bambancin, wasu ba su dace da komai ba. Don haka fuz tana ba da faɗi da ɗan inuwar ƙasa, ba ta ba da bes na gaske. Kuma irin su Big Muff suna rage tsakiya, abin da kan sa jita ta nutse idan ganguna suka yi ƙarfi.

Oktef: iri biyu ne, kuma ba aiki ɗaya suke yi ba

Fedar oktef ita kaɗai ce a cikin ukun take samar da cikakkiyar notar ƙasan da babu. Tana sauraron notar da ka kaɗa, ta haifar da wata mai rabin kaɗawarta, 82 ya koma 41.

Tsohon iri, na analog, misalinsa shi ne Boss OC-2 da ta fito a 1982. Ba ta saukar da sautinka na ainihi ba, ƙirga kaɗawarsa take yi, duk biyu ta fitar da ɗaya. Sakamakon sauti ne mai santsi da kauri, ya fi kama da na sintisaiza fiye da na tsirkiya, kuma babu jinkirin da za ka ji. Aibinta shi ne nota ɗaya kawai take iya bi. Ka ba ta kod, sai ta rasa wadda za ta ƙirga, ta riƙa tsalle tsakanin notoci tana kakari. Haka ma idan nota ta fara mutuwa, sai ta yi tangal-tangal kafin ta saki. Wasu wannan halin nata suke so. Ni ma ina son sa a kiɗan da ke tafiya da nota ɗai-ɗai, domin nauyinta a ƙirji har yau ban ji na dijital da ya wuce shi ba.

Sabon iri, na dijital, yana ɗaukar sautin duka ya saukar da shi, ko kod ne ko nota. POG na Electro-Harmonix, da ya fito a 2005, da ƙanensa Micro POG, su suka buɗe wannan hanyar ga mutane da yawa, sannan ga Sub 'N' Up na TC Electronic. Suna bin sawu ba tare da tsalle ba, amma da sharuɗɗa biyu. Na farko jinkiri: na'ura ba za ta san nota ba sai ta ji ta, kuma zagaye ɗaya na 82 Hz yana cin kusan kashi 12 cikin dubu na daƙiƙa, kafin a zo ga lissafin da za ta yi. A kiɗa mai tafiya a hankali ba za ka damu ba, a mai sauri za ka ji bes ɗin yana ɗan biyo bayan hannunka. Na biyu ya fi muhimmanci. Saukar da cikakken kod oktef guda ba shi ne kaɗa bes ba. Notocin da suke daɗi idan sun kusanci juna a tsakiya, da zarar an kai su ƙasa sai su yi ta gogayya. Babu mai bes da ke kaɗa nota shida lokaci guda, kuma da dalili.

A nan ne nake ganin Boss ta yi tunani mai kyau. OC-3 ta 2003 ta zo da mamurɗin da ke taƙaita oktef ɗin ga notocin ƙasa, su na sama su wuce yadda suke. OC-5 ta 2020 ta ƙara wani saiti da ke zaɓar nota mafi ƙasa a cikin kod, ita kaɗai ta saukar. Ga mai jita da ke kaɗa kod kuma yana son tushe a ƙarƙashinsa, wannan shi ne mafi kusa da aikin mai bes da za ka samu daga akwati ɗaya. Tana kuma ɗauke da yanayin da ke kwaikwayon OC-2, sannan tana da mafita biyu, ɗaya na sautinka na asali, ɗaya na oktef. Idan ka matsa mini in ambaci guda, ita zan ambata, don wannan mafita ta biyu da kuma zaɓar notar ƙasa. Idan kuwa kiɗanku na nota ɗai-ɗai ne da fuz, kowace irin analog za ta yi, wataƙila ma ta fi.

DigiTech Whammy ita ma tana saukar da oktef, kuma da ita Jack White na The White Stripes ya kaɗa layin nan mai kama da bes a "Seven Nation Army" a 2003, da jita ba da bes ba. Abin lura a can shi ne a wannan gaɓar ya daina zama mai jita gaba ɗaya, ya zama mai bes, nota ɗaya bayan ɗaya, sai da waƙar ta buɗe ya koma jita. Tsari ne ya yi aikin, fedar ta taimaka kawai.

Abu ɗaya da zan hana ka: mamurɗin oktef biyu ƙasa. E ɗinka zai koma kusan 20 Hz, bakin iyakar jin ɗan'adam. Ba za a ji shi ba, amma zai cinye ƙarfin amfilifaya ya wahalar da sifika. Bar shi a rufe, sai dai idan kana can saman wuyan jita.

Raba hanya biyu

A nan gizo ke saƙa. Idan ka sa oktef a layi ɗaya da komai, 41 Hz ɗin da ka samu zai shiga distoshan tare da kod ɗinka ya dagula shi, sannan ya isa sifikar da ba za ta iya furta shi ba. Idan ka matsa mata da ƙarfi, takardar tana iya yin tafiyar da ta wuce iyakarta ta lalace. Na sha ganin mai jita ya sayi oktef mai kyau, ya gwada ta a haka, ya yanke hukuncin cewa ba ta da amfani.

Tsarin da nake haɗawa ga shi. Daga jita, bayan na'urar saita tsirkiya, sautin ya rabu gida biyu. Hanya ta farko ita ce jitarka kamar kullum, da distoshan da fedojin amsa-kuwwa, dile da ribab ɗinka, zuwa amfilifayar jita. Hanya ta biyu ta bi ta oktef, a rufe sautin asali gaba ɗaya a bar na ƙasa kaɗai, ta tafi amfilifayar bes. Idan oktef ɗinka mai mafita biyu ce, ita da kanta za ta yi rabon. Idan ba haka ba, sai ka nemi akwatin raba layi da ake kira ABY. Ribar ABY ita ce kana iya kashe hanyar bes ko kunna ta da ƙafa, kuma wannan makami ne babba: baiti ya tafi da jita kaɗai, amshi ya zo ka taka, ƙasa ta buɗe. Kunne ya fi jin nauyin abu idan ya ɗan rasa shi.

Oktef ɗin ta kasance kusa da jita, kafin duk wani abin da ke murƙushe sauti ko maimaita shi. Tana son sauti mai tsabta don ta gane nota. Fikof, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya a jikin jita, na wajen wuya ya fi ba ta abin da take so fiye da na wajen gada, kuma idan ka ɗan rage kaifin sautin daga jitar, bin sawunta yana gyaruwa. Wannan yana iya cin karo da sautin da kake so a hanyar jita, tunda jita ɗaya ce ke ciyar da duka biyun. Maganinsa shi ne a sa ikwalaiza a hanyar bes kaɗai, gaban oktef, a sare sama. Ka ga inda ikwalaizar taka ta sami aiki. Bayan oktef kuma ɗan kwamfuresa yana daidaita notocin, don kada wata ta yi tsawa wata ta ɓace. Ni nakan ƙara ɗan ƙanƙanin distoshan a hanyar bes, kaɗan sosai, domin yana haifar da sautukan sama na notar, 82 da 123 da 165, kuma daga su ƙwaƙwalwa take gane notar ƙasa ko da sifikar wurin ba ta furta ta ba. Da wannan dabarar ce ake jin bes a ƙaramar rediyo ko waya.

Sannan ka koma amfilifayar jita ka rage bes ɗin da ka murɗa har ƙarshe. Ka mayar da shi tsakiya ko ƙasa da haka. Zai yi maka kamar an ƙwace maka abu, amma yanzu akwai mai riƙe da wannan yankin, kuma su biyu suna rububin wuri ɗaya shi ne dagulewar da ka gudo.

Haɗa amfilifaya biyu yana zuwa da matsaloli biyu sanannu. Ɗaya gurnani ne, wanda ke tasowa saboda na'urorin biyu sun haɗu ta wayar sauti sun kuma haɗu ta layin ƙasa na wutar lantarki. Maganinsa ABY mai taransifoma a ciki, wanda ke raba su, irin na Radial ko Lehle. Kada ka taɓa cire ƙafar ƙasa ta filogin amfilifaya don kashe gurnani, ko wa ya ba ka shawarar. Wannan ƙafar ce ke tsakaninka da jan wuta, kai kuma tsirkiyoyin ƙarfe ne a hannunka, ga makirufo a bakinka. Ɗaya matsalar ita ce saɓanin motsi: sifikar nan tana turawa lokacin da waccan ke ja, sai ka kunna biyun ka ji sautin ya rame maimakon ya yi kauri. ABY mai kyau yana da maɓallin juya wannan. Gwada duka biyun, ka bar wanda ya fi cika.

Idan ɗaukar amfilifayar bes ya yi muku nauyi, akwai hanya ta biyu: daga oktef zuwa akwatin DI, mai shirya sautin don na'urar haɗa sauti, daga nan zuwa ita na'urar, wato miksa, a bar manyan sifikun wurin su yi aikin. Inda akwai wufa masu kyau, wato sifikun ƙasan sauti, wannan ya fi kowace amfilifaya. Ka gaya wa injiniyan sauti tun wuri cewa layi biyu gare ka, ɗaya jita ɗaya bes, kada ya sare ƙasan na biyun kamar yadda aka saba yi wa layin jita. Ka kuma roƙi a sa wa mai ganga shi a sifikar da yake ji, domin shi ya fi kowa buƙatarsa. Illar wannan hanyar ita ce ka dogara da kayan wurin, ranar da babu wufa babu bes.

Ramin solo

Duk abin da na faɗa bai magance kokenka na biyu ba, kuma gara in gaya maka gaskiya. Oktef inuwarka ce. Idan ka haura firet na 12, can saman wuyan jita, kana solo, ita ma ta haura, notar da za ta ba ka ta dawo yankin jita, ƙasa kuma ta zama wayam. Babu fedar oktef da za ta ci gaba da kaɗa tushe alhali hannunka yana wani wuri.

Hanyoyin fita daga nan yawancinsu a hannu suke. Mafi sauƙi ita ce ka rubuta solo ɗinka kusa da buɗaɗɗiyar tsirkiya: ka bar E ko A tana kuka a ƙasa, yatsunka suna yawo a sama. Da oktef mai zaɓar notar ƙasa, wannan buɗaɗɗiyar tsirkiya ita za ta zama bes ɗinka. Sassauta tsirkiya ta shida zuwa D, kusan 73 Hz, yana ƙara taimakawa, don kana samun tushe da kod da yatsa ɗaya. Mataki na gaba shi ne koyar da babban yatsa ya riƙe bugu a tsirkiyoyin ƙasa yayin da sauran yatsu ke waƙa a sama, salon da Merle Travis da Chet Atkins suka yi suna da shi. Yana cin lokaci kafin yatsun su rabu da juna, amma wanda ya iya shi ya riga ya zama mai bes, fedar saukar da muryar kawai take yi.

Akwai lufa, wato na'urar da ke naɗar abin da ka kaɗa ta yi ta maimaita shi. Ka sa ta a hanyar bes kaɗai, bayan oktef, ka naɗi layin ƙasa, sannan ka yi solo a kansa. Tana aiki, amma daga lokacin da ka taka ta, mai ganga ya koma bin na'ura, kuma dole ya ji ta sarai, in ba haka ba bayan zagaye kaɗan kun rabu. Wasu masu ganga suna jin daɗin haka, wasu sun tsane shi. Ka tambayi abokinka kafin ka saya.

Shi ma abokin naka yana da rabo a aikin nan. Gangar ƙafa tana zaune ne tsakanin 50 da 100 Hz, ita ce abu mafi zurfi da kuke da shi ba tare da wata na'ura ba. Idan ka shiga solo, shi ya sauko daga farantan ƙarfe zuwa babbar gangar gefe, ya cika gangar ƙafa, ramin zai ragu sosai. Kuma solo mai gajarta a rukunin mutum biyu ya fi tsawo daɗi. Wani lokaci ma ramin shi ne abin so, muddin an ji da gangan aka bar shi.

Idan feda ba ta isa ba

Wasu sun bi ta kayan kiɗan maimakon feda. Jitar baritan, mai dogon wuya, ana yawan saita ta a kan B, kusan 62 Hz, rabin hanya tsakanin jita da bes, kuma sautin tsirkiya ne na gaske babu jinkiri. Fender Bass VI na 1961 tsirkiya shida gare shi, oktef guda ƙasa da jita. Scott Lucas na rukunin Local H a Amurka ya sa fikof na bes a ƙarƙashin tsirkiyoyin ƙasa na jitarsa, da mafita daban zuwa amfilifayar bes. Wannan dabarar ta fi kowace feda tsabta, domin tun daga tushe aka raba tsirkiyoyin, ba sai na'ura ta yi hasashen wace nota ce ta ƙasa ba. Mike Kerr na Royal Blood a Ingila ya juya abin: bes yake kaɗawa, ya ɗaga sautin sama ya tura amfilifayun jita. Ƙasansa na gaske ne, samansa ne na aro, kuma kunne ya fi yafe wa saman aro fiye da ƙasan aro. Rukunin The Doors kuwa a dandamali Ray Manzarek ne yake kaɗa bes da hannun hagu a kan ƙaramin fiyanon Fender Rhodes. Idan akwai ranar da za ku ƙara mai fiyano, ka tuna da wannan.

Abin da na faɗa ya fi dacewa da rok da bulus da makamantansu, inda bes yakan bi tushen kod kusa da jita, kuma a ƙanana da matsakaitan zauruka, inda na fi yin aiki. Idan kiɗanku irin rege ne ko fank, inda layin bes ke da waƙarsa dabam da ta jita, yana shiga inda jita ta yi shiru, to oktef ba za ta ba ku wannan ba, domin ba ta yin motsi sai ka motsa. A can sai lufa, ko sautin da aka naɗa tun gida, ko mutum.

Kafin ka sayi komai, ka ari amfilifayar bes da kowace irin oktef na yini ɗaya, ka haɗa su yadda na bayyana. Ka sa doguwar waya, ka sauka daga dandamali ka tsaya inda masu sauraro za su tsaya, abokinka yana buga ganga. Tsawon igiyar sauti ta 41 Hz ya haura mita 8, don haka abin da kake ji kana tsaye a gaban sifika da abin da ke isa tsakiyar zaure sukan bambanta ƙwarai, kuma a wani lungun ɗakin nota ɗaya za ta yi tsawa a wani ta ɓace. Ka fara da hanyar bes a rufe, ka riƙa ɗaga ta a hankali har sai ta haɗu da gangar ƙafa sun zama bugu ɗaya, ka tsaya a nan. Idan kana jin ta a matsayin wani sauti dabam da ke bin jitarka, ta yi yawa, ka ɗan rage.